"Badass", "hard", "tough guy": wanne ne yabo, wanne ne zagi a bakin Amurkawa?

Auta:
Assalamu alaikum malamai. A ƙarƙashin bidiyon wata mata mai aikin kashe gobara a Amurka, mutane sai rubuta "she's a badass" suke yi, har da alamar tafi. Ƙamus ya ce "bad" marar kyau ne, "ass" kuma jaki ko mazaunai. Yaya aka haɗa munanan kalmomi biyu suka zama yabo? Kuma mene ne bambancinta da "tough" da "hard"?

Malam Tafinta:
Wa alaikumus salam, Auta. Ajiye ƙamus tukuna, wannan kalma ba a ɓare ta gida biyu. Dunƙulalliya ce, a haɗe ake rubuta ta, kuma a gaɓar farko ake danna murya. Ta fara bayyana a rubuce a Amurka cikin shekarun 1950, kuma a lokacin ba yabo ba ce sosai. Mai neman rigima ake nufi, wanda in ya shigo wuri kowa ke shiga taitayinsa, irin wanda mu za mu ce tantiri ko gagararre. A hankali tsoron ya rikiɗe ya zama burgewa.

Yau in Ba'amurke ya ce wani "badass" ne, abu uku yake gani tare: mutumin ya iya abu mai wuya ko mai haɗari, ba ya tsoro, kuma yana yin abin ba tare da rawar jiki ko neman a gani ba. In na ukun ya ɓace, kalmar ba ta zama daram. Wanda ya yi bajinta sannan ya tsaya yana kirarin kansa ya rage mata daraja.

Tana aiki a matsayin suna, sai a sa mata "a" a gaba: "she's a badass". Tana kuma siffanta kaya: "a badass truck", wato mota mai kwarjini. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya kira kansa da ita. Wasu ne ke ba ka ita. Mai cewa "I'm a badass" da gaske, dariya ake yi masa.

Malama Mai Alli:
Ƙari a kan bayanin Malam. Saiwar abin tana cikin Turancin Baƙaƙen Amurka, inda "bad" ta daɗe tana nufin abin burgewa, musamman in an ja wasalin an ce "baaad". Ranar 25 ga Fabrairu 1964, da Muhammad Ali, wanda a lokacin ake kira Cassius Clay, ya doke Sonny Liston a Miami Beach yana ɗan shekara 22, cikin abin da ya yi ta ihu har da "I'm a bad man!" Ba cewa yake yi shi mutumin banza ne ba, cewa yake yi ya gagara. Shi kam ya faɗa da bakinsa, amma bayan ya nuna a fili, kuma Ali ne.

Nahawun ma ya rabu. "Bad" ta rashin kyau, matakanta "worse" da "worst". "Bad" ta gagara kuwa, "badder" da "baddest". Shi ya sa laƙabin Mike Tyson, wanda ya zama zakaran ajin masu nauyi a 1986 yana ɗan shekara 20, ya kasance "the baddest man on the planet". In ka gyara masa nahawu ka ce "the worst man", ka mayar da kirari zagi. Haka ƙungiyar ƙwallon kwando ta Detroit Pistons da ta ci kofin NBA a 1989 da 1990: "Bad Boys" ake ce musu saboda wasan ƙarfi da ture, kuma da alfahari suka karɓi sunan.

Ɗan Dambe:
To ai mu ma muna da shi, me ake ta kewaye-kewaye? "Shege" ne. Yaro ya yanke 'yan baya uku ya jefa ƙwallo a raga, me 'yan kallo ke cewa? "Kai, shege!" Ko "wannan yaron mugu ne". Zagi ne a ƙamus, yabo ne a fili. Ni a ganina fassarar "badass" ta ƙare a nan.

Hajiya Edita:
Ɗana, ban yarda ba. Ka rubuta "shegiya" a ƙarƙashin hoton matar aure mai kashe gobara ka ga abin da zai biyo baya. "Shege" tana taɓa asalin mutum da mutuncin iyayensa, "badass" ba ta zuwa wajen ko kusa. Jaruma ko gwarzuwa ta wadatar.

Ɗan Dambe:
Hajiya, da girmamawa, "gwarzuwa" ta yi tsabta da yawa. Kalmar bikin ba da lambar yabo ce. Ita kuwa waccan da ƙurar titi a jikinta.

Malam Tafinta:
Kowannenku ya riƙe rabi. Ɗan Dambe ya kama yanayin, Hajiya ta kama nauyin. Hanyar juya zagi ya zama yabo iri ɗaya ce da ta "shege", amma zafin ba ɗaya ba ne. A ma'aunin Amurkawa "badass" ƙaramar ashariya ce. Abokan aiki na iya faɗa wa juna a wajen shan kofi, tana fitowa a kanun wasu mujallu, amma ba a sa ta a takardar neman aiki, ba a faɗa a gaban yara 'yan firamare, ba a faɗa a wurin ibada, kuma tsofaffi da yawa ba sa son jin ta.

Don haka fassarar sai an duba wurin. A hirar samari, "shege" ko "mugu" ko "ba dama" sun yi. A rubutun jarida, "jan gwarzo" ko "namijin duniya". In da ɗan tsoro a ciki, "hatsabibi". Ga mace muna da "mace mai kamar maza", sai dai a lura, ita kalmar Turancin ba ta auna mace da namiji, kuma wannan na cikin dalilan da matan Amurka suka rungume ta. In aka ce "ba ta da dama" ko "ta gagara", an fi kusa.

Auta:
Na gode. To duk kalmar da ta ƙare da "ass" yabo ce ke nan?

Malama Mai Alli:
A'a ƙanena, nan ne ramin. Biyu kawai za ka riƙe a matsayin yabo: "badass" da "kickass", ita ta biyun an fi faɗa wa abu, kamar wasa ko biki da ya ƙayatar. Sauran duk suka ce. "Hard-ass" shi ne mai tsauri da ba ya ɗaga ƙafa, shugaban aiki ko kocin da in ka makara minti biyu sai ya rubuta. Ana faɗa a bayan idonsa, wani lokaci da ɗan girmamawa a ciki, amma ba a gabansa ba. "Smartass" mai iyayi da baƙar magana. "Dumbass" da "jackass" wawa. Harafi kaɗan ne tsakanin "badass" da "hard-ass", amma in ka aika wa maigidanka ta biyun da niyyar yabo, ka ce masa mai ƙuntata wa mutane.

Akwai kuma inda "ass" ba ta nufin komai sai ƙarfafawa, kamar yadda muke cewa ja wur ko fari fat. "A big-ass truck" ƙatuwar mota ce kawai. Ana manna ta a bayan siffa, ba a bayan suna ba.

Sannan "baddie". A Ingila mugun cikin labari ne, wanda muke cewa bos. A bakin matasan Amurka yanzu kyakkyawar mace ce mai ji da kanta. Ba ruwanta da jarumta.

Baban Ummi:
Ni "tough" nake so a tsaya a kanta, domin ita ce mai tsabta, ana iya faɗar ta a gaban kowa, kuma ita ce aka fi ɓatawa.

Furuci tukuna: "taf" ne, "gh" ɗin sautin "f" take bayarwa, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Mu "f" ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa a kunnen Ba'amurke takan fito kamar "tap" ko "top". Kada kuma a rikita ta da "though" da "through" da "thought", rubutu ne kawai ya yi kama.

Asalin ma'anar tauri ne irin na naman da ya ƙi tauno. A kan mutum, juriya take nufi fiye da kai duka. "She's tough" na nufin wahala ba ta karya ta. Ana faɗa wa tsohuwar da ta sha jinya ta miƙe, ana faɗa wa yaron da ya faɗi ya tashi bai yi kuka ba. "Tough as nails" ƙari ne a kan haka, taurinsa kamar ƙusa. "Tough cookie" ta fi taushi, da ƙauna a ciki, an fi faɗa wa mata da yara da tsofaffi. Ka faɗa wa ƙaton soja sai ta zama zolaya.

Amma da zarar an ƙara "guy", lissafi ya canja. "Tough guy" sau da yawa gatse ne. In Ba'amurke ya dube ka ya ce "okay, tough guy", cewa yake yi kai mai kurarin banza ne, kuma a bakin mashaya ko wajen ajiye motoci wannan jumla share fagen dambe ce. Mai cika baki a intanet shi ake kira "internet tough guy" ko "keyboard warrior". Mutanen Texas na da tasu, "all hat and no cattle", ga malafa babu shanu.

Sauran kuma ba su shafi jarumta ba sam. "Tough luck", ko "tough" ita kaɗai a matsayin amsa, na nufin kai ka jiyo, ba ruwana. "That's tough" da murya mai taushi jaje ne. Jumla ɗaya, murya ce ke raba ta. "Tough love" horon da ake yi don ƙauna. "Tough it out" a cije a daure har a fita.

Hajiya Edita:
A nan masu fassara ke zamewa su rubuta "taurin kai". Taurin kai "hardheaded" ne ko "stubborn", kuma aibi ne. "Tough" taurin rai ne ko juriya. Taurin zuciya na rashin tausayi kuma "cold" ne ko "hard-hearted". Tauri uku ne a Hausa, kowanne da gidansa.

Ɗan Dambe:
"Hard" fa? A nan gida ana cewa "hard guy" kullum.

Malam Tafinta:
"Hard guy" Turancin Najeriya ne, Ba'amurke zai gane amma ba haka yake faɗa ba. "Hard man" kuma na Birtaniya ne. A Amurka "he's hard" maganar unguwa ce da gidan yari, mutumin da rayuwa ta gasa har ya daina jin tsoro ko tausayi. An fi jin ta ma a wajen ƙaryatawa: "he acts hard", yana nuna shi wani ne alhali ba kowa ba ne.

Gargaɗi, kuma a yi mini afuwa: namiji kada ya ce "I'm hard". A Turancin yau da kullum ma'anar da za a fara ji ta shafi sha'awar namiji. In juriya kake nufi, "I'm tough" ko "I can take it".

"Goes hard" daban ce, yabon abu ne: waƙa, riga, hoto. "This goes hard" na nufin abin ya yi, ya bugu. "Go hard" a filin motsa jiki kuma a zage damtse.

"Hardcore" asalinta sunan fasassun duwatsu da bulo ne da ake zubawa a ƙarƙashin titi ko harsashin gini, magina a nan ma suna faɗa. Daga nan ta koma nufin wanda ya kai maƙura a abu: "a hardcore fan", ɗan gani-kashe-ni. Sai dai tana da wata ma'ana ta finafinan batsa, har alƙalin Kotun Ƙolin Amurka Potter Stewart ya yi amfani da ita a wannan ma'ana a wani hukunci na 1964. Kada a rubuta ta ita kaɗai a wajen bincike a intanet, musamman a wayar da yara ke taɓawa. A haɗa ta da abin da ake nufi.

Auta:
Wani kuma na gani an rubuta wa ɗan wasa "he got that dog in him". Wannan ai zagi ne ƙarara.

Ɗan Dambe:
Yabo ne babba! Nan ne al'adunmu suka yi hannun riga. Mu kare ƙazanta ne da rashin kunya, su kuwa abin da suke gani shi ne karen da in ya kama ba ya saki. Ma'anar ita ce ɗan wasan yana da naci da zuciya, ba ya karaya ko ana cin su. Ta yaɗu sosai a intanet wajen 2022, har ana haɗa hoton ƙirji na asibiti da kare zaune a ciki. Rashin "has" ko "'s" a jumlar ba kuskure ba ne, tsarin Turancin Baƙaƙe ne, in ka gyara ta ka kashe ta. A Hausa kada ka kuskura ka kawo kare. Ka ce yana da zuciya, ko ƙi-gudu ne.

"Beast" ma haka, dabba a ƙamus, amma "he's a beast" na nufin ƙarfinsa ko iyawarsa ta wuce misali. Marshawn Lynch, ɗan wasan ƙwallon Amurka (American football) na ƙungiyar Seattle Seahawks a lokacin, shi ya shahara da "Beast Mode". A Janairun 2011 ya yi gudun yadi 67 a wasansu da New Orleans Saints yana watsar da masu tare shi, tsallen 'yan kallo har na'urar auna girgizar ƙasa da ke kusa ta ɗauka. Mu sai mu ce ingarma ko toron giwa. Ana kuma cewa "a beast at math", gwanin lissafi, ba sai da ƙwanji ba.

Ƙwanji kansa kalmominsa daban: "jacked", "ripped", "swole", "buff". Jiki kawai suke siffantawa, murɗaɗɗe. Mutum na iya zama "jacked" kuma a ce masa "soft".

Malama Mai Alli:
Akwai guda uku da nake roƙon ɗalibai su gane su amma su bar wa masu su.

"Thug". Asalinta daga Indiya ne, sunan 'yan fashi masu shaƙe matafiya. A Najeriya muna jin ta a kan 'yan bangar siyasa, ba wani nauyi. A Amurka ta ɗauki launin fata. A Janairun 2014, bayan an yi ta kiran ɗan wasan ƙwallon Amurka Richard Sherman da ita saboda wata hira mai zafi da ya yi bayan wasa, shi da ya yi karatu a jami'ar Stanford, ya fito ya ce kalmar ta zama hanyar da aka yarda da ita ta faɗin zagin nan na wariyar launi da ake yi wa baƙaƙen fata. A 2015 ma an yi ta cacar baki da shugabanni suka kira masu tarzomar Baltimore da ita. Mawaƙi na iya kiran kansa haka, baƙo ba zai kira wani ba.

"Savage". Matasa na nufin wanda ya mayar da martani mai zafi ba sani ba sabo. Amma da ita aka daɗe ana kiran 'yan asalin Amurka da 'yan Afirka, har cikin takardar ayyana 'yancin kai ta 1776 an siffanta 'yan asalin ƙasar da ita. Siffanta magana da ita, "that reply was savage", ba laifi. Siffanta jama'a ko ƙabila da ita, babban laifi.

"Gangsta" ma a bar ta. 'Yar uwarta "OG" ce ta wanke. Gajarcewar "original gangster" ce, daga gungun 'yan daban Los Angeles na shekarun 1970, amma yau tsohon hannu kawai take nufi, wanda ya riga kowa kuma ake girmamawa. Harafi-harafi ake furtawa, "o-ji", kuma "an OG" ake cewa, ba "a OG" ba, saboda da wasali ta fara.

Baban Ummi:
Malama, a kan "savage" ina ganin kin ɗan tsaurara. Yara 'yan sakandare a can suna faɗa wa juna "you're a savage" ba wanda ke tuna 1776.

Malama Mai Alli:
Gaskiya ne Baban Ummi, tsakaninsu. Amma mai koyo ba ya jin inda layin yake, kuma ba ya sanin asalin wanda yake yi wa magana a intanet. Abin da zai rasa in ya bar ta kaɗan ne.

Hajiya Edita:
Ku ba Auta waɗanda zai iya rubutawa a ofis mana, kun cika shi da na titi.

Malam Tafinta:
To Hajiya. "Grit" ita ce ta farko. Asalinta tsakuwa ko yashi, ma'anarta naci da juriya na dogon lokaci, malaman makaranta da masu ɗaukar aiki suna son ta. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Memphis Grizzlies ma da "Grit and Grind" aka san ta tun 2011. Sai "resilient", mai farfaɗowa bayan faɗuwa. "Thick-skinned", wanda suka ba ta damunsa. "Backbone", tsayawa a kan gaskiya. "Guts", wato hanji, su a ciki suke ajiye ƙarfin hali inda mu muke ajiye shi a zuciya: "that took guts", abin sai mai zuciya. Wannan tana shiga ko'ina.

Daga nan an gangara. "Balls" da "ballsy" daga marainan namiji suke, ashariya ce, a bar su a majalisar abokai. "Cojones" ita ce dai da Sifaniyanci. A 1996, bayan jiragen yaƙin Kyuba sun harbo ƙananan jirage biyu na 'yan gudun hijira, Madeleine Albright, tana jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce wannan ba "cojones" ba ne, ragwanci ne. Maganar ta yi ƙara ne saboda ba a saba jin irinta a bakin jami'in diflomasiyya ba. Harafin "j" ɗin kamar "h" ake furta shi. A kula da "cajones" mai "a", wannan aljihunan tebur ne.

Umarnin a daure kuma: "man up" daidai take da "yi ta maza", amma yanzu da yawa suna ƙin ta, suna ganin tana hana maza faɗin damuwarsu. "Suck it up" ta fi kaushi, ba a faɗa wa mai makoki ko marar lafiya. "Hang in there" ita ce mai taushi, kamar mu ce a ƙara haƙuri.

Ɗan Dambe:
Kishiyoyin ma a sani, don in an jefe ka ka gane. "Soft" ita ce mafi ciwo a wasanni, rago, ɗan hutu. "Chicken" matsoraci. "Snowflake" wanda abu kaɗan ke ɓata wa rai, ta yi tashe a rikicin siyasar 2016. "Wimp" lusari, kuma ba ƙaramar kalma ba ce: a Oktoban 1987 mujallar Newsweek ta sa ta a bangonta a kan George Bush uba lokacin yana neman shugabanci, mutumin da ya tuƙa jirgin yaƙi aka harbo shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Abin ya bi shi shekaru.

Auta:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: in wani ya ce mini "you're a badass", me zan amsa?

Baban Ummi:
"Thanks" ko "appreciate it", ka wuce. In kana son ka ƙara, ka mayar da yabon ga wasu: "it was the whole team". Kada ka ce "I know", kada kuma ka tsaya bayanin yadda ka yi. In kuwa "tough guy" ya ce maka yana matsowa, wannan ba ta buƙatar amsa, ka duba inda ƙofa take.

Hajiya Edita:
Kuma in za ka juya labarin matar nan zuwa Hausa, Auta, "jaruma" za ka rubuta. Na ga Ɗan Dambe yana shirin sake magana.

Ɗan Dambe:
Na yi shiru, Hajiya. Amma a majalisa "shegiya" za a ce.